Hinnerk Mai Wasiƙa a Kan Teku

Kwananmu goma sha ɗaya da barin garinmu Bremerhaven a jirgin ruwa aka kama maƙwabcina Hinnerk Tietjen da kamfan matar mutane a hannu. Ba ɗaya ba, har guda shida, ya ninke su tsaf ya jera a kwando, ga rigunan mama biyu a sama kamar ado. A gabana aka yi. Na leƙa ɗakin wanki na hawa na bakwai ne in ga ko inji ya samu, sai na iske shi tsaye rungume da kwando, Frau Kattenhorn, wato Madam Kattenhorn, kuma ta cika ƙofa.

Inji huɗu ne a ɗakin nan, mu kuwa mun haura dubu a jirgin, kuma tafiyar wata huɗu ce. Saboda haka akwai doka, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: kayan da ba naka ba, ba ka taɓa su, ko da injin ya tsaya tun jiya. Frau Kattenhorn, matar wani likitan haƙori ce na Oldenburg da ya rasu, wannan ne karo na huɗu da take zagaya duniya a jirgi, ita ce alƙaliyar dokar.

"Herr Tietjen," ta ce, "ina za ka da kayana?"

"Na matata ne," in ji shi.

"Haba Hinnerk," na ce, "ɗaga ɗaya ka duba mana. Ai matarka Almut za ta shiga ciki ita da ni, mu bar wa baƙo wuri."

Ya ɗaga kuwa. Wannan shi ne Hinnerk, in ka ce ya duba sai ya duba. Ya buɗe shi da hannu biyu a gaban mata biyar, ya ƙare masa kallo, kunnuwansa suka yi ja kamar jatan landen da ya sha wuta. Ya ajiye kwandon, ya ce a yi haƙuri an samu kuskuren adireshi, ya fita. Kayan Almut suna inji na gaba, ya manta da su. Kafin a kawo miya da yamma labari ya kai hawa na goma sha ɗaya, ya dawo da ƙari, wai har gwadawa ya yi.

Kwana uku ina dariya. A na huɗu dariyar ta tsaya mini a wuya, don na tuna wani abu. Shekara arba'in da shida katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu, ban taɓa ganin Hinnerk ya sa hannu a wanki ba. Almut ba ta barinsa ko safa ya shanya, ta ce yana shanya kamar mai gaba da kaya. To me ya kai shi?

Bari in faɗi ko wane ne shi, tunda shi ba zai faɗa ba. A unguwar Lehe aka haife shi, layi uku daga inda muke zaune yanzu, kuma ban san ya taɓa yin kwana goma a jere a wajen gari ba. Shekara arba'in da ɗaya yana raba wasiƙu a kan keke, ruwa da iska da ƙanƙara, karnuka bakwai suka cije shi, ya san sunan kowanne. Garinmu garin jirage ne. Ubana a teku ya ƙare, mijina, Allah ya ji ƙansa, a teku ya samo ciwon baya, ni kaina shekara talatin ina feɗe kifi a bakin ruwa. Amma Hinnerk ko ɗan jirgin da ke ƙetare kogin Weser ya hau sai ya yi amai. Mutum ne mai jiran danja ta ba shi hannu ko babu mota ko ɗaya a titi. Kwalbar da zai jefar ma sai ya wanke ta. In ana ruwa ya leƙo ta katanga ya ce "ana ruwa," to ya gama hirar ranar ke nan.

Almut ce mai baki da buri. A wani shagon burodi take aiki lokacin, shi kuma ya yi wata takwas yana kai wasiƙa shagon kafin ya ce mata wani abu banda ina kwana. Ita ta gaji ta tambaye shi ko yana da niyyar aure ko burodi yake so kyauta. Ubanta kuku ne a jirgin kaya. Tana 'yar shekara takwas ya aiko mata kati daga Valparaíso, hoton gidaje masu launi-launi a jikin tudu, ya rubuta a baya cewa wata rana zai kai ta. Bai kai ta ba, mutuwa ta riga shi. Tun da na san ta take maganar garin nan, har na haddace shi ban je ba. Shekara biyu da suka wuce ta faɗo kicin ɗina ba ko ƙwanƙwasa ƙofa, ta ajiye littafin kamfanin jirgi a kan tebur, ta ce za su, kuma ni ma za ni, don ba za ta yi wata huɗu da mutumin da ke magana sau ɗaya a rana ba. Haka aka kama mana ɗakuna biyu a jere. A gida katanga ɗaya, a teku ma katanga ɗaya.

Shekara biyu kuwa ba kwana biyu ba ce. A tsakanin nan na lura da wasu abubuwa. Ta zo aron gishiri sau uku a yini ɗaya. Ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta daɗe da mutuwa. Na ce tsufa ne, wa ya tsira, ni ma na taɓa sa tabarau a firji.

Washegarin ranar da dariya ta tsaya, na fito da sassafe na gan su a layin ɗakunanmu. Layin nan ƙofofinsa duk iri ɗaya ne, dama da hagu, har ido ya gaji. Yana riƙe da gwiwar hannunta tun daga bakin lif, suna tafe yana taɓa kowace ƙofa yana ƙirgawa, tana maimaitawa. Ta ashirin da bakwai a dama ita ce tasu. Kowa a jirgin yana maƙala wani abu a ƙofarsa, tutar garinsu ko hoton jika, shi kuwa wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa ya rataya. Da suka kai ya ce mata, "In kin rasa ni, ina za ki?" Ta ce, "Nan." "Sai me?" "In tsaya. Ba na bin kowa." Suka koma bakin lif suka sake. Sau biyar na ƙirga.

Bayan abincin rana, Almut tana barci, na tare shi a waje inda yake zama yana kallon nesa don kada cikinsa ya juya.

"Shugaban gidan waya," na ce, "sabuwar unguwa aka ba ka?"

Bai yi dariya ba, dama ba ya yi. Ya ce, "Tambaya ta tara."

"Ta me?"

"Takardar lafiya da muka cike kafin mu hau. Ko matafiyi yana da ciwon mantuwa. Likita ya gaya mana tun watan Maris. Na sa a'a."

Na nemi wuri na zauna. Da ce mini ya yi ya kashe mutum, da na fi saurin yarda.

"Kai? Ka yi wa takarda ƙarya?"

"Da biro," ya ce. "In suka gane, tasha ta gaba za su sauke mu. Haka aka rubuta a baya, na karanta sau uku. Valparaíso kwana na arba'in da biyu ne. In mun kai nan, su yi abin da suka ga dama da ni."

"Wiebke ta sani?" 'Yarsu ke nan da ke aiki a Bremen.

"Ta ce kada mu zo."

"To me kake so in yi?"

"Ki yi surutu, Gesche. A tebur. In ta fara maimaita magana, ki hau kai."

Shekara arba'in da shida yana roƙona in yi shiru. Na ce masa sai ya rubuta mini wannan a takarda ya sa hannu.

Wanda bai yi doguwar tafiya a jirgi ba zato yake kullum biki ne. Bayan mako biyu gari ne kawai, sai dai ba ka iya fita daga cikinsa. Daga tsibiran Kanari zuwa Brazil kwana shida ba mu ga ko tsuntsu ba. Ka tashi, ka ci, ka hau sama ka tarar an shimfiɗa tawul a kan duk kujerun shan rana, masu tawul kuma babu su babu dalilinsu. Sha biyu na rana kyaftin ya yi magana ta lasifika, ya faɗi zurfin ruwan da ke ƙarƙashinmu, kamar akwai wanda ya yi niyyar sauka. Uku da rabi kofi da kek. Akwai ajin rawa, ajin saƙa, ajin Sifaniyanci inda tsofaffi arba'in ke tambayar juna ina tashar jirgin ƙasa. Ƙarfe shida kuma tebur: lamba hamsin da takwas, mutum shida, fuskokin nan dai har wata huɗu, ko kuna shiri ko ba kwa shiri. Kuma duk cikin mutanen jirgin nan, Frau Kattenhorn aka zaunar kusa da Hinnerk tun ranar farko.

A nan na yi aikina. Almut ta tambayi mai kawo abinci sunansa karo na uku, sai in ɓarke da bayanin yadda ake feɗe kifi da hannu ɗaya. Ta dubi Frau Kattenhorn ta ce, "Ke yaushe kika hau?" sai in ce dankalin yau kamar da ruwan wanka aka dafa shi. Har labarin basir ɗin mijina na bayar ana cin nama. Mata da mijin da ke gefe, mutanen Kassel, suka nemi a sauya musu tebur, aka ce babu wuri. In na koma ɗaki muƙamuƙina ciwo yake.

Amma jirgi ba gida ba ne, ba ya zama yadda ka bar shi. Muna yin yamma, duk bayan kwana biyu sai a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Jikin Almut bai yarda ba. Ƙarfe biyu na rana ta yi kwalliyar zuwa tebur, ta zauna a bakin gado da jaka a cinya tana jira. Hinnerk ya ɗaura agogo biyu, ɗaya na jirgi, ɗaya na gida saboda magani. Sannan Kirsimeti ta matso, matan ajin saƙa suka yi taurari masu ruwan ɗorawa, suka bi layinmu suka rataya wa kowace ƙofa kyauta. Ranar nan na tarar da Almut a tsakiyar layi tana juyawa, kowace ƙofa tata ce. Na kama hannunta muka koma bakin lif muka ƙirgo. Hinnerk ya bi ƙofa ƙofa yana neman izinin cire tauraro, ga shi ba ya iya faɗin dalili. Mutum uku suka yarda. Sauran suka ce ai mai kamfan nan ne, ba a raba shi da abin mamaki. Sai ya ƙara yawan ƙirgar, safe da yamma.

A Rio, kwana na ashirin da takwas, sababbin matafiya suka hau, kuma duk sanda aka ɗauki sababbi sai an sake atisayen ceto, kowa da kowa. Jiniya gajera bakwai, doguwa ɗaya, ka bar abin da kake yi ka nufi wurin taruwarka kai tsaye, ba komawa ɗaki, rigunan ceto can ake rabawa. An rubuta a takardar ranar cewa ƙarfe huɗu za a yi. Hinnerk ya karanta, ya tsara komai, ya bar mini Almut a wurin kofi ya tafi aski, zai dawo huɗu saura kwata. Sai aka matso da abin, aka sanar ta lasifika daidai lokacin da nake tsakiyar gardama da Frau Kattenhorn a kan ko kek ɗin na jiya ne. Ban ji ba. Jiniya kawai na ji, mutum ɗari uku suka miƙe lokaci ɗaya, na waiga, kujerar Almut babu kowa.

Na nufi hanyar ɗaki, ma'aikata suka tare matakala, kowa ƙasa. Na yi musu bayani da baki da hannu da ƙafa, suka yi murmushi suka nuna mini ƙasa. A wurin taruwa na iske Hinnerk, rabin kai a aske, rabi ba a taɓa ba, rigar ceto a wuya. Ya dubi bayana. Ya sake dubawa.

"Ina take?"



Ya nufi ƙofa, jami'in wurin ya ɗaga hannu ya ce ba mai fita sai an gama ƙirga. Hinnerk kuwa ya tsaya. Na ga ƙafarsa ta ɗaga ta koma. Shekara saba'in da huɗu yana tsayawa in an ce tsaya, jikinsa bai san wani abu ba. Zafin Rio yana dukanmu, mun jeru kamar kifi a akwati, lasifika tana kiran Frau Almut Tietjen, ta sake kira, ta sake.

Tana bakin ƙofa ta ashirin da bakwai. Ta ƙirga daidai, ita kaɗai, cikin jiniya da turereniya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Masu duba ɗakuna suka same ta, suka ce ta biyo su, ta ce ba ta bin kowa. Suka lallashe ta, ta riƙe mariƙin ƙofar da hannu biyu. Suka tambaye ta sunan jirgin, ta ce su tambayi babanta, yana kicin. Daga nan aka kira likita.

Washegari da safe muka je ɗakin likita, ni ba a gayyace ni ba amma na shiga. Mace ce, ba ta kai Wiebke shekaru ba, mai taushin murya, irin wadda ba ka samun inda za ka kama ka yi faɗa da ita. Ta tambayi Almut yau wace rana ce, wane wata, ina muke. Kowane karo Almut ta dubi Hinnerk, shi kuma ya dubi takalminsa. Ta nuna ni ta ce wace ce wannan.

"Mai surutun nan ce," in ji Almut.

"Kin ji ko, likita," na ce, "lafiyarta ƙalau."

Ba wanda ya yi dariya. Likita ta jawo takarda ta juya ta wajen Hinnerk, ta ɗora yatsa a kan tambaya ta tara.

"Ni na rubuta," ya ce. "Ina sane na rubuta."

"Herr Tietjen, daga nan kudu za mu yi. Ruwan can ba irin wannan ba ne, kuma akwai kwanakin da babu asibiti kusa. Jiya atisaye ne. Da a ce da gaske ne fa?"

"Abin da na koya mata ta yi."

"Na sani. Shi ya sa."

"Kwana goma sha uku ne kawai," ya ce.

Na ce zan ɗaure hannuna da nata da igiyar rigar wanka, in kwana a ƙasan ɗakinsu, in bar kofi, in bar gardama. Likita ta ce ta ji, za ta gaya wa kyaftin. Da rana aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa: za a sauke su a Montevideo, jibi, ƙarfe goma.

Da yamma a tebur Frau Kattenhorn ta ajiye cokali ta ce mijinta shekara shida ya yi a haka kafin ya tafi, ita ta gane tun mako na biyu, kuma da na san yadda labarin basir ya ishe ta. Ta maƙala duk lambobin da kamfani ya ba ta na zagaye huɗu a ƙirji, ta hau wurin kyaftin. An ba ta kofi. An rako ta har ƙofa. Mutanen Kassel suka rubuta takardar roƙo, mutum sittin suka sa hannu, har da waɗanda suka hana a cire tauraro. Amsa dai ɗaya ce. Abin da ya fi ci mini rai, babu wanda za ka zaga, kowa da kirkinsa ya ce a'a.

Na ce zan sauka tare da su. Hinnerk ya ce Wiebke ta riga ta hau jirgin sama, kuma kujera uku aka kama ta komawa, babu tawa. Shi kaɗai ya haɗa akwatuna. Almut tana zaune a bakin gado tana kallonsa, katin babanta a hannu, gefensa duk ya cinye, tana tambaya ko gobe za a isa. Ya ci gaba da ninki.

Da hantsi muka shiga Montevideo. Na raka su har ƙasa. Inda jirgin ya tsaya wurin sauke kaya ne, ba wani abin kallo: ƙugiyoyin ɗaga kaya, warin mai, da manyan akwatunan ƙarfe an jibge su bisa juna hawa biyar-biyar, ja da shuɗi da kore. Can ƙetaren ruwa wani ɗan tudu. Almut ta tsaya cak, ta sa hannu ta kare rana.

"Hinnerk, mun iso?"

Ya dubi akwatunan, ya dubi tudun.

"Mun iso," ya ce.

"Ga gidajen," ta ce. "Yadda Baba ya faɗa. Gesche, kin gani?"

Rabonta da kiran sunana daidai tun muna Lisbon. Na ce na gani. Ta tsaya tana kallo, fuskarta a sake, ba ta neman kowa. Motar da za ta kai su masauki tana jira, direba ya buɗe ƙofa, Hinnerk ya yi masa alama da hannu ya dakata.

Idona ya cika, ni kuwa in idona ya cika bakina ke buɗewa. Na matsa kusa da shi na rage murya.

"Ka ƙware fa, maƙwabci. Ƙarya har tana fito maka ba gargada. Kada ka damu, in na isa garin na gaskiya zan ɗauko mata hoto."

Ko dubana bai yi ba.

"Ɗauko wa kanki," ya ce. "Ke ce da sauran kwana goma sha ɗaya a gaba. Mu mun iso."